Shekarar Dattawan Faifai

Ban san lambar shekarar ba, kada kuma wani ya matsa mini da tambaya. Abin da na sani shi ne an riga an sauke tutar Annasara an ɗaga tamu, shugabanmu na farko yana Yamai, hotonsa yana rataye a kowace butik ta ƴan kasuwa. Ƙoramar Telwa ta riga ta yi cikar nan da ta kwashe garake, ta bar mutane suna tsintar albasa a cikin yashi. Ba a fara tonon ma'adinin Arlit ba, Annasara dai suna yawo a daji da motoci suna ƙwanƙwasar duwatsu, muna yi musu dariya. Babban farin da ya kashe raƙuma yana gaba, ba mu san yana tafe ba. Ni kuwa na yaye Mariyama, ban ɗauki cikin Alkasum ba. To, a tsakanin nan ne.

Ina jin abin da ake faɗa a kaina, don kunnena bai tsufa tare da ƙafata ba. Wasu suna cewa na watsar da gadon gidanmu saboda gwangwani da waya. Wasu kuma, irin masu zuwa daga nesa su sa mini ƙarfe a baki in yi magana, suna cewa gitar da ake bugawa a bukukuwan Agadas duk daga wurin waɗansu Annasara huɗu aka kwaso ta. Kowanne ya taɓo gefen gaskiya ya saki. Ku ƴaƴana da jikokina, ku ji daga bakin wadda ke wurin.

Gidanmu gidan zabiyoyi ne. Uwata ta rasu ina rarrafe, yayarta ta ɗauke ni, ita ce nake kira Inna. A hannunta akanzam ɗin gidanmu yake, ƴar gangar nan mai fuska ɗaya da mata ke bugawa da tafin hannu, wanda kakarta ta buga a gidan Sarki. Da muryar Inna ta fara gajiya sai ta riƙa miƙa mini shi, tana zaune a gefena tana gyara ni da ido. Ba a sa ɗiyar babban gida a lalle a tsohon gari sai mun zauna. Aikinmu shi ne mu kira uwayen amarya, uwa da uwar uwa, har inda sani ya ƙare, kowace da abin da aka san ta da shi. Kuma akwai doka guda da ba a taɓawa: akanzam ba ya ƙetare zaure ya je wurin maza. Kayan tsakar gida ne. Ko za a kai shi wani gida, a ƙarƙashin mayafi ake ɗaukarsa, kamar jariri.

Kakanku kuwa makaɗin ganga ne. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Gari yana ce masa Ɗan Tawa, don ubansa daga can ya zo. In ana biki, shi yana waje bakin zaure da gangarsa, ni ina ciki da mata, katanga a tsakaninmu. Ba ma ganin juna, amma in na ja numfashi ya san inda zan sauka, sai in tarar ya shimfiɗa mini kiɗa a wurin. Mata sukan ce mun fi jituwa ta bayan katanga a kan cikin ɗaki, ban kuwa taɓa musa musu ba. Muryata ba ta da ƙasa sai gangarsa. Wannan shi ne abin da na kusa rasawa a shekarar, shi da gangar duka.

Abin ya shigo gari ne ta hannun Bilal, kukun Annasaran nan masu ƙwanƙwasar duwatsu. Da aka mai da ubangidansa ƙasarsu, sai ya bar masa garmaho mai aiki da pil, wato batir, da waɗansu ƙananan faya-fayai, duk na mutane ɗaya. Takardun da aka sako su ciki gara ta cinye tun a tanti, saboda haka ba wanda ya ga fuskar masu waƙar. Bilal ya ce su huɗu ne, daga Ingila, iyakar saninsa ke nan. Kullum bayan la'asar sai ya ajiye garmahon a ƙofar shagon Sidi tela, mutane su kewaye. Ni ma na ji, ina dawowa daga rijiya. Muryoyi ne masu kauri, na maza, suna tafiya a hankali kamar ayari yana dawowa daga Bilma da kayan gishiri, wayoyi kuma suna nishi a ƙarƙashinsu. Ba wanda ke jin harshen, amma kowa ya yanke cewa tsofaffi ne. Gari ya sa musu suna Dattawan Faifai. Har Inna, da iska ta kawo mata sautin ta kan katanga, ta ajiye kaɗinta ta saurara.

"Waɗannan sun ga duniya," in ji ta. "Wani ya mutu musu."

Ban san abin da ke cikin faifan nan ba, amma ya kama maza kamar zazzaɓi. Kakanku ya samo gwangwanin man mota, ya sa masa wuyan icce, ya ja wayar birkin keke a kai. Bilal ya yi tasa, Sidi ya yi tasa mai waya biyu masu kauri, Ibra maƙerin azurfa kuma ya jera daro da tsofaffin kwanoni yana duka da tsinke. Ƙanen kakanku ya roƙa a sa shi, suka ce a'a, Dattawa huɗu ne, ba a yin biyar. Kafin damina ta zagayo, kowace unguwa tana da nata huɗun. Wayar birki ta yi wuya a gari, har masu keke suka riƙa kwana da kekunansu a ɗaki. Masu algaita suka fara zaman banza a ƙofar gida. Wani tsoho mai goge ya gaya mini an kira shi biki, da ya je sai aka ce ya jira orkes, wato masu gwangwanin nan, ta gama, ya jira har aka watse. Uwayen amare da kansu, in sun zo gayyatarmu, sai su sunkuyar da kai su ce, yaran suna son a haɗa da na gwangwani.

Gidanmu ya zama maƙera. Daga hantsi har azahar ana ja ana saki, waƙa ɗaya ana bin ta kamar mai bin sawun raƙumin da ya ɓace. Ganga tana rataye a jikin bango, fatarta ta saki.

"Maigida, gobe akwai lalle a gidan Liman," na ce masa wata rana. "Ba ka ɗaure gangarka ba."

"Na gaya wa ƙanena, zai buga miki."

"Ƙanenka yana dukan ganga kamar mai kakkaɓe tabarma."

"Ƴar Inna, zamani ya juya. Ki saurari wannan wurin, ji yadda suke sauka tare su uku."

"Na ji. Tun kafin Mauludi nake ji."

Inna ba ta yi masa magana kai tsaye, suruki ne. Ni take gaya wa, da ƙarfin da zai isa kunnensa.

"Mijin nan naki ya bar fata ya kama gwangwani. In yunwa ta zo sai ku dafa wayar."

Na yi faɗa, na yi gaba, na ɓoye masa tsinken da yake kaɗa wayar da shi a cikin tulun gero. Amma ga wani abu. Ina daka a tsakar gida suna bugawa a zaure, sai in ga taɓaryata ta bi su ba da izinina ba. Tafiyar kiɗan nan ba baƙuwa ba ce a jikina. Akwai rami a cikinta, daidai wurin da tafin hannu zai faɗa. Na san wurin, ina jin sa kullum, na yi shiru, don ba a tambaye ni ba.

Sai maganar Yamai ta taso. An ji a rediyo cewa ana neman masu kiɗan zamani a babban birni, za a sa su a gidan rediyo ƙasa duka ta ji. Elhaji mai kamiyo, wanda motarsa ke bin hanyar Tawa, zai aurar da ɗiyarsa, ya gayyace mu ciki, ya gayyaci orkes waje, ya kuma yi wa kakanku alkawarin wuri a motar da za ta tashi washegarin biki. Ina tankaɗe ya zo ya tsuguna ya gaya mini.

"Elhaji ya ba ni gaba, kusa da shofer mai tuƙi."

"Sai yaushe?"

"In na zauna da gindina sai in aiko a ɗauko ku."

"A ɗauko ni a kai ni ina? Uwayen wa na sani a Yamai? In tsaya cikin Zabarmawa in kira kakar wa?"

"Za ki koya."

"Ba a koyon kakannin mutane da furfura, Maigida. A goye ake jin su."

Ya tsinci ƙwayar gero a ƙasa yana murzawa. Ni na ga matan waɗanda suka bi hanyar nan. Shekarar farko turmin atamfa yakan zo, bayan nan gaisuwa a bakin shofer, daga nan sai shiru, mace ta zauna ba ta da aure ba ta da saki. Ba mugun mutum ba ne kakanku, amma waɗancan ma ba miyagu ba ne ranar da suka hau mota.

Ranar bikin ta zo. Muna ciki, amarya a lulluɓe, Inna a damana, Hadiza, ɗiyar wata ƙanwarta, a haguna tana amshi. Ƙanen kakanku yana kakkaɓe tabarmarsa a bakin zaure. Can waje an kafa rumfa an shimfiɗa tabarmi, attajirai da Abzinawan da suka sauko daga Iferwan da kayan garka duk suna zaune, orkes tana tsakiya. Abin da ya faru kafin in leƙo, Bilal ne ya ba ni labarinsa daga baya. Akwai wani sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, ana ce masa Mushe Abdu a kiran Annasara, wanda ya zo daga Yamai bai daɗe ba, yaro mai matsattsen wando da gashi har goshi. Ya saurare su yana karkata kai, sannan ya matso.

"Waƙar su wa kuke yi?"

"Ta Dattawa," in ji Sidi.

"Waɗanne dattawa?"

Aka aika aka ɗauko garmahon don a nuna masa. Ya ɗaga faifan ya karanta abin da ke tsakiyarsa, ya dubi Bilal, ya dubi wani ɗan ƙarfe da ke gefen akwatin kamar kunnen ɓera. Ya tura shi da yatsa zuwa ɗaya gefen, ya ɗora allura. Daidai nan na ji wani sauti da ban taɓa ji ba, na tashi na zo zaure da akanzam a ƙarƙashin mayafina. Waƙar da na sani ce, wadda ta hana ni barcin rana wata da watanni, amma tana gudu kamar awakin da aka buɗe wa garke. Muryoyin sun zama sirara, na samari, har da ihu da tafi. Ba makoki a ciki ko kaɗan. Murna suke yi.

"Ga su nan yadda duniya ta san su," in ji Mushe. "Yara ne, sa'o'ina. Daga Dakar har Abijan ba saurayin da ba su yake kwaikwayo ba, gashin nan nawa ma nasu ne. Ku kun sa faifan a tafiyar da ba tasa ba. Wa ya mai da ƙarfen nan can?"

"Ni ne," in ji Bilal. "Tun ranar farko."

"Don mi?"

"Pil daga Damagaram yake zuwa, Mushe. Na ga in raƙumi ya tafi a hankali bai cika neman ruwa ba, na ce shi ma haka zai yi."

"Amma ai ka ji su da sauri a wurin ubangidanka."

"Na ji. Na ɗauka gaggawar Annasara ce, su da ke da pil cike da kwali."

Dariyar da aka yi a ƙofar gidan nan, sai da tantabaru suka tashi daga kan soro. Manya suna riƙe ciki, wani rawaninsa ya warware. Kun san bakin mutanen garin nan.

"Ɗan Tawa, ashe makokin yara masu rai kake yi mana tun bara?"

"A kai su Yamai, in an yi mutuwa a gidan rediyo ga masu rakiya."

"Bilal, taɓa mini kunnen nan ni ma, ko na koma saurayi."

Kakanku yana tsaye, gwangwani yana reto a wuyansa. Mutumin da ban taɓa ganin ya rasa inda zai sa hannunsa ba, ga shi hannuwan sun zube kamar ba nasa ba. Bai dubi kowa ba. Na san shi. Na san in ya bar wurin nan da dariyar nan a bayansa, gobe zai hau motar, ba don Yamai tana kiransa ba, sai don ba zai iya bin titin kasuwa ba. Kuma wanda kunya ta kora ba ya aiko a ɗauko kowa. Na ji tafin Inna a kafaɗata, ashe ta biyo ni, ta kira sunana.

"Gaisha, dawo. Kin san abin da ke hannunki."

"Na sani, Inna."

"In kika taka dokin ƙofar nan da shi, ni kika taka."

Ban juya na dube ta ba, don da na juya da ban fita ba. Na ɗaga ƙafa na ƙetare, na yaye mayafi na fito da akanzam a gaban maza, rana tana dukansa. Dariyar ta fara mutuwa daga gaba tana komawa baya. Wani ya ɗage allurar garmahon. Na je na tsaya kusa da shi, kusancin da ban taɓa yi ba a gaban mutane tun da aka ɗaura mana aure.

"Maigida, ɗauko ta ɗazu. Yadda kake yin ta a zaure."

"Ƴar Inna, koma ciki," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Na riga na fito. In ka bar ni tsaye haka, mu biyu ke nan za a yi wa dariya. Buga."

Ya buga. Sidi ya shigo da wayoyinsa masu kaurin nan, Ibra ya taɓa daro. Na bari suka zagayo sau ɗaya, sannan na sa tafina a ramin da na daɗe da sani. Ya zauna daram, kamar murfi a bakin tukunyarsa. Na buɗe baki na kira amarya, na kira uwarta, na kira Tekna mai rijiyar da ba a hana baƙo, na kira Hadi da ta ciyar da ayari a shekarar fara, na yi ta hawa. Ban taɓa rera su a kan waya ba, amma wayar ta ba ni fili, tana jira in gama numfashi kamar yadda ganga ke yi. Kakanku ya ɗago kai. Karon farko ke nan da na ga fuskarsa ina waƙa, shi ma ya ga tawa, sai muka rasa inda za mu sa ido, kowa ya dubi gefe.

Uwar amarya ce ta fara rangaɗa guɗa daga cikin zaure, mata suka cika ƙofar suna leƙe ta kan kafaɗun juna. Wani dattijo cikin mutanen Iferwan ya miƙe ya baza hannuwan rigarsa ya fara takawa, a hankali, yana sauka yana tashi. Kiɗan ya yi daidai da mutum mai babbar riga da rawani, wanda ba zai yi tsalle a gaban surukansa ba. Waɗanda suka yi dariya ɗazu su ne suka bi shi. Mushe Abdu yana gefe, yaron kirki ne, ya ga abin da yatsansa ya jawo, jikinsa ya yi sanyi. Na ji yana ce wa Elhaji:

"Yana da daɗi, Elhaji, amma fa wannan ba tasu ba ce."

"Mushe, ɗiyata nake aurarwa, ba tasu ba."

Da rana ta yi ja na koma ciki. Inna tana zaune a zaure ita kaɗai, a kan dakali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta miƙo hannu kawai. Na sa mata akanzam a ciki. Ta goge fuskarsa da bakin zanenta, a hankali, kamar mai share wa yaro majina.

"Maza sun gan shi," in ji ta. "Kakata ta riƙe shi, uwata ta riƙe shi, ba wanda ya gan shi sai yau."

"Inna, mijina ne."

"Na sani. Kin zaɓa, ban ce ba ki da dalili ba. Daga yau gidan Sarki da manyan gidaje na Hadiza ne."

Ta kira Hadiza ta sa mata shi a ƙarƙashin mayafi, a gabana.

Ga shi na ba da abin da na ba da, ban kuma san ko na sayi wani abu da shi ba, don kakanku bai ce mini komai ba game da motar. Da asuba na ji ya ɗauki jakar da na haɗa masa da kaina, da ƙuli da dabino a ciki, ya fita. Na share tsakar gida, na sake share ta. Na ba Mariyama koko ta ƙi sha, na sha da kaina ban ji ɗanɗanonsa ba. Hantsi ya fara ɗagawa na ji kamiyon Elhaji ya yi oda a tasha, na ji ƙugin injinsa yana nisa ta yamma har ya ɓace. Na ɗauko taɓarya na tsaya a kan turmi, ba komai a cikinsa.

Sai na ji sallama. Ya shigo ba jaka, da fatar akuya a kafaɗa, sabuwa daga majema, tana wari.

"Motar ta tashi?" na ce, kamar ban ji ba.

"Ta tashi. Sidi ya hau wurina, na ba shi guzurin. Shi yaro ne, yana da ƙafar gudu."

"Fatar fa?"

"An karɓe miki na Inna. Sai a ɗaura wani. Ba zai kai wancan ba."

"Ba zai kai ba."

"Mushe ya ce masu yin irin na yaran nan a Yamai sun fi ƙuda yawa, kuma ƙaraminsu ya fi ni. Wanda muka yi jiya kuwa ba ya tashi in ba hannunki. In ɗauke shi in kai ina?"

"To ka ja fatar da kyau. Kada ka ba ƙanenka."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na kife turmin na zauna a kai, na ja mayafi na rufe fuska, na ce masa warin fatar ne ya shige mini ido.

Daga ranar muka zama mu biyu a fili ɗaya. Ƙananan gidaje suka fara kiranmu, ƴan kasuwa da maƙera da masu aikin bariki, sannan Ingal, sannan har Iferwan aka ɗauke mu a mota. Huɗu-huɗun unguwanni suka rabu biyu. Samari suka tura kunnen ɓera gaba suka koyi gudu, suna yi a bal, wurin rawarsu. Amma in biki ne na aure, da uwaye da surukai, tafiyar nan ta a hankali ake nema, da mace tana kiran kakanni a kai. Daga baya gita ta gaskiya ta zo, mai katako, sannan mai wuta, tafiyar ba ta sauya ba. Saboda haka in an tambaye ku, ku ce yaran Ingila sun ba mu waya, sun ba mu tsayuwar mutum huɗu, sun sa samari sun ƙi aski, sun kuma zaunar da masu algaita da yawa, wannan ba ƙarya ba ne, na gani da idona. Ba su taɓa jin sunan garin nan ba, amma sun shiga kowane zaure a cikinsa. Takun kuwa namu ne, rowar Bilal ta buɗe masa hanya, hannuna ya zaunar da shi. Gitar da samarin Abzinawan daji suka zo da ita bayan fari, wannan tasu ce, labarinta daban, ban sa hannu a ciki ba, kada ku ɗora mini.

Abin da na biya kuwa ban daina jin sa ba. Ban sake zama a gidan Sarki da sunan zabiya ba. Inna ta yi shekaru bayan haka, tana cin tuwona, tana goya Alkasum, ni na yi jinyarta har ƙarshe, amma ko sau ɗaya ba ta bari na taɓa akanzam ɗin ba, ban kuma roƙa ba. Nakan bi ta bayan katangar babban gida ana lalle, in ji muryar Hadiza da sautin nan da na sani tun ina goye, sai in ƙara sauri. Wanda kakanku ya ɗaura mini ya yi mini aiki har hannuna ya gaji, amma gaskiya ya faɗa, bai kai ba. In aka mai da ni bakin zauren Elhaji, da tafin Inna a kafaɗata, zan sake ɗaga ƙafar.

Kakanku bai taɓa ganin Yamai ba. A ɗakin nan ya cika, da furfurarsa, kansa a kan cinyata, yana yi mini gardama a kan wa ya fara kuskure a wani biki da muka yi tun kafin a haife ku. Elhaji ya tafi, Ibra ya tafi, Mushe Abdu an mai da shi Damagaram ban sake jin labarinsa ba. Waɗanda suka rage daga wancan zamani ba mu da yawa. Akwai Bilal, yana Cirozerin wurin ɗansa mai aikin gawayi, kunnensa ya toshe, sai an yi masa ihu. Akwai Hadiza a tsohon gari, muna gaisawa ranar Salla. Sai Tima, matar Sidi tela. Shi Sidi ya shiga orkes a Yamai, an ji shi a rediyo, daga can ya wuce Abijan, an ce a can ya rasu, ba wanda ya san kabarinsa. Ita Tima amarya ce lokacin da ya hau motar, da cikin fari. Takan zo nan ranar Juma'a da sandarta, in sa a dafa mana shayi, mu yi hirar jikoki da ciwon gwiwa da tsadar gero. Ba mu taɓa yin maganar wurin nan na kusa da shofer ba.